Damin da Gidan Waya ke Ɗauka Kyauta

Mutumin Agadas ba sai an koya masa lissafin dako ba. Gari ne da ya tashi a kan kaya: a ɗauko daga can, a sauke nan, a sake laftawa a wuce gaba. Ayarin da ke barin Abzin bayan damina ya keta Tenere zuwa Fashi da Bilma, gero yake kaiwa ya dawo da gishiri da dabino, kuma kowane kantu da aka ɗora wa amale an san abin da ya ci na ciyawa da igiya da gumin mai jan akala. Yau kamyo da kar sun karɓe yawancin aikin, amma ƙa'idar tana nan daram. Je ka tasha da kwali, kafin a tambaye ka mutanen gida an ɗora shi a sikeli. Nauyi kuɗi ne, nisa ma kuɗi ne, Agadas kuwa Allah ya hore mata nisa: sama da kilomita 900 tsakaninta da Yamai, ta Dosso da Ƙonni da Tawa da Abalak.

To ashe akwai kaya iri guda da ƙasashen duniya suka haɗu suka ce gidan waya ya ɗauke shi daga wannan ƙasa zuwa waccan ba tare da an manna masa tambur ko na dala ɗaya ba. Kayan karatun makafi ne: littattafan da ake karantawa da yatsa, da waɗanda ake saurare da kunne. Wanda ya saba da tasha zai ce a'a, ina aka taɓa haka? Bari mu kwance kayan mu duba, shi zai gaya mana dalili.

Rubutun makafi ɗan gidan dukawa ne. Louis Braille, wanda rubutun ya ci sunansa, an haife shi a 1809 a Coupvray, wani ƙauye gabas da birnin Faris, ubansa kuwa baduku ne mai ɗinka sirdi da ragama. Yana ɗan shekara 3 ya ɗauki basillar uban yana wasa, ta kuɓuce ta soke masa ido. Ciwon ya haura zuwa ɗaya idon, gani ya tafi ke nan. Duk wanda ya taɓa tsugunawa kusa da masu aikin fata a tsohon garin Agadas ya ga yadda ake danna ƙarfe a kan fata zane ya fito, har ka rufe ido ka shafa ka gane shi. Abin da yaron nan ya yi wa takarda ke nan. Yana ɗan shekara 15 a makarantar makafi ta Faris, ya ɗauki wani tsari mai ɗigo 12 na wani tsohon soja, Charles Barbier, ya datse shi ya koma 6, don kan yatsa ya rufe harafi a taɓawa ɗaya, ba sai ya yi ta lalube sama da ƙasa ba. A 1829 ya fitar da shi a littafi.

In kana son gane yadda ɗigo 6 ke ɗaukar magana duka, dubi tandar mai masa. Ɗauka tanda ce mai gurbi 6, uku a hagu, uku a dama. Mai suya ta zuba ƙullu a gurbin sama na hagu kaɗai, ta bar sauran biyar wayam: harafin "a" ke nan. Ta ƙara a na ƙasansa, suka zama biyu: "b". Ta cika layin hagu duka uku: "l". Haka za ta yi ta sauyawa, nan a cika, can a bari, har kala 63 ba tare da ta maimaita ba. Waɗannan sun ishi baƙaƙe da wasula da lambobi da aya da waƙafi. Faransanci ya shiga, Larabci ya shiga da wasulansa, har "ɓ" da "ɗ" da "ƙ" namu an yanka musu nasu rabon.

Kayan aikin ma ba su da yawa. Ɗan allo ne na ƙarfe ko roba mai buɗewa kamar littafi, fuskarsa cike da 'yan tagogi a jere. A sa takarda a tsakiya a maƙale, a ɗauki ɗan tsinke mai kan katako, ƙanin basillar nan da ta yi ɓarnar tun farko, a yi ta dannawa. Da yake ta baya ake danna takardar ɗigon ya taso ta gaba, marubucin daga dama yake farawa ya nufi hagu kamar mai ajami. In ya gama sai ya juya takardar ya karanta daga hagu kamar ɗan boko. Ajin da yara goma ke rubutu lokaci guda, daga bakin ƙofa za ka ji ƙas-ƙas-ƙas, sai ka ce kaji ne ke tsattsagar tsaba a tire.

Nan maganar nauyi ta shigo. Littafin mai gani tsaba ce: an sussuke, an sheƙe, an zuba a buhu. Littafin makaho kuwa dami ne, da zangarniyarsa da guntun karansa. Abincin da ke ciki ɗaya ne, tuwon da za a tuƙa da shi ɗaya ne, amma wancan a ka za ka ɗauka, wannan sai an nemo jaki. Mai buga littafin boko in takarda ta yi tsada sai ya ƙanƙanta harafi. Mai buga na makafi ba shi da wannan dabara, don yatsa ba ya ƙanƙancewa. Takardar kuma dole ta yi kauri kamar bangon littafin makaranta, in ba haka ba ɗigon ya kwanta tun karatun farko. Shafi ɗaya na mai gani sai ya haifi biyu ko uku a can. Alƙur'anin da kake sawa a aljihun riga, a galibin bugun makafi kundi 6 yake zama, kowanne kamar rajistar ofis. Littafi Mai Tsarki na Kirista yakan kai wajen kundi 40, kabad guda cur.

Sikeli kuwa ba ya karatu, abin da ya danne shi kawai ya sani. Ga yara biyu a aji ɗaya, malami ɗaya, littafin lissafi ɗaya. Uban wancan ya biya dakon rabin kilo, uban wannan ya biya na kilo biyar ko goma, alhali ko jimla ɗaya ɗansa bai samu ƙari ba. Shi ya sa masu kiran wannan rangwame sadaka ba su auna maganar daidai ba. Ko a kasuwa, in ka je sayen man shanu da kwanonka, mai gaskiya sai ya fara auna kwanon wayam ya cire nauyinsa, sannan ya zuba. Ba alfarma ya yi maka ba, gudun cin haram ya yi. Kaurin takarda da yawan kundi kwano ne kawai. Gidan waya cire nauyin kwanon ya yi, ya kuma yafe ɗan abin da ya rage.

Kanada ce ta fara, a 1898. Amurka ta bi a 1904. Amma rangwamen ƙasa ɗaya iyakarsa bakin iyaka, littafi kuwa ba ya son zama wuri ɗaya. Sai maganar ta je gaban Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a 1874 a birnin Bern na Suwizalan, yanzu tana da ƙasashe 192, har da Nijar da Najeriya. Kafin a kafa ta, wasiƙa kamar falke take: kowace ƙasa ta ratsa sai ta biya fito, kowane sarki da nasa farashin. Ƙungiyar ta ce a daina. Duniya duka a ɗauke ta gari ɗaya a harkar saƙo, mai aikawa ya biya sau ɗaya a inda yake, raƙumin ƙasarsa ya kai kayan bakin iyaka, na ƙasar gaba ya karɓa, har a sauke a gidan mai shi. Yau na ɗaukar maka, gobe ka ɗaukar mini. A taronta na 1952 a birnin Burasel na Beljiyam ta yanke cewa kayan karatun makafi, ko wannan biya na sau ɗaya an ɗauke musu.

Kyautar tana da sharaɗi, don ba madugun da ke karɓar kaya a ɗaure bai san abin da ke ciki ba. Na farko, ƙunshi ɗaya kada ya wuce kilo 7, wato tiya uku ta gero ko ƙasa kaɗan. In littafin ya fi haka, a raba shi ƙunshi biyu ko uku, kowanne ya tafi da kansa. Na biyu, a ɗaure shi yadda ma'aikaci zai iya buɗewa ya leƙa ya mayar, ba a like shi kamar laya ba. Na uku, a yi masa shaida a baya. Akwai alamar da aka tsara, hoton mutum riƙe da sanda, fari a kan baƙi, kuma a ƙasashen Faransanci kalmar da ma'aikatan gidan waya suka sani ita ce cécogramme. Na huɗu, mai aikawa ko mai karɓa ya zama makaho ne ko ƙungiyar makafi ko makarantarsu, kuma ba kayan neman riba ba ne. Wanda ya cusa turare ko wasiƙar hannu a tsakanin kundi ya ɓata rawarsa da tsalle, ya kuma ja wa na bayansa tuhuma.

Akwai abu uku da ya kamata a faɗa, kada mutum ya je kanta da kumfar baki. Yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa damar karɓar ƙarin kuɗin jirgin sama in ta ga dama. An ba ka raƙumi kyauta, in ka ce sai doki mai sukuwa, ana iya cewa ka biya bambancin. Sannan dako dabam, duwan dabam. Kuma dokar ta kayan da ke tsallaka iyaka ce. Na cikin gida, kamar daga Yamai zuwa Agadas ko daga Damagaram zuwa Arlit, kowace ƙasa ita ke tsara nata, ko da yake ƙasashe da dama sun ga rashin kan gado ne a ɗauki littafi kyauta daga Faris sannan a caji wanda ya taso daga maƙwabcin gari, suka yafe duka biyun.

Littafin kunne ya zo daga baya. A shekarun 1930 Amurka da Ingila suka soma sa masu murya su karanta littafi a naɗe a faifan garmaho, daga nan kaset, daga nan faifan CD, yanzu ɗan katin da bai kai farce ba. Ɗakunan karatu na makafi a can suna da wata dabara mai kyau. Ana aiko maka littafin a ɗan akwati mai aljihu a baya, a aljihun akwai kati: fuska ɗaya adireshinka, ɗaya fuskar adireshinsu. In ka gama saurare ka juya katin ka miƙa a gidan waya, shi ke nan ya koma. Kwanon ciyayya ke nan: maƙwabciya ta aiko da tuwo, aka ci, aka wanke kwano aka mayar, gobe ya sake dawowa da wata miyar. Mutum yana zaune a ɗakinsa shekara da shekaru, littattafai na zuwa suna komawa, bai taɓa taka ƙofar ɗakin karatun ba.

A taron 2012 a Doha, babban birnin Katar, aka faɗaɗa mangalar. Da takardu da faifai kawai aka sani, sai aka ce duk wani abin da aka ƙera don taimaka wa makaho ya shiga: allo da tsinke, takarda mai kauri, farar sanda, agogo mai magana. Ko keken rubutun makafi na Perkins, wanda makarantu ke ji da shi, nauyinsa kusan kilo 5 ne, bai kai iyakar ba. Shekara guda bayan haka, a 2013, aka ƙulla wata yarjejeniya a Marakesh ta Maroko, wadda ta halatta a juya littafi zuwa rubutun makafi ko murya, a kuma tsallaka da shi iyaka, ba sai an yi ta bin mai haƙƙin mallaka ana roƙo ba. Gidan waya ya ba da abin hawa, Marakesh ta ba da izinin kaya. Ana buƙatar duka biyun, don ƙiyasin Ƙungiyar Makafi ta Duniya shi ne cikin littattafai goma da ake bugawa, ko ɗaya cikakke ba ya isa hannun makaho, a ƙasashe irin namu kuwa abin ya fi haka muni.

Wa ya fi ɗan Agadas buƙatar wannan? Manyan wuraren buga rubutun makafi na Faransanci suna Faransa da Beljiyam da Suwizalan da Kanada. A cikin gida, makarantar makafi ta Soli Abdurrahman tana Yamai, hedkwatar Ƙungiyar Makafi ta Nijar ma can take. Ta ɓangaren Najeriya akwai makarantar Gindiri a Filato, wadda aka buɗe tun 1953, da ta Tudun Maliki a Kano. Duk inda ka duba, rijiyar tana nesa, mai ƙishi yana nan gindin hasumiyar masallacin Agadas, ko can Timiya, Iferwan, Tabelot ko Ingal. Littafin da dakonsa daga Turai zai ci jika da dama, ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. In an cire dakon, sai maganar ta zama mai yiwuwa.

Sai dai rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Iyaye da yawa ba su taɓa jin akwai wannan haƙƙi ba. Ma'aikaci sabon ɗauka kuma, a ko'ina yake, zai iya shekaru a bakin kanta ba wanda ya kawo masa irin wannan ƙunshi, ranar da aka kawo hannunsa sai ya nufi sikeli, don abin da ya saba ke nan. Sannan ga maganar adireshi. A ƙasarmu ba a bin gida-gida da wasiƙa, akwatin gidan waya ake kamawa, shi kuma haya ake biya. Raƙumi ya iso gari da kaya, ba zangon da zai durƙusa.

Ga kuma inda al'ada ta karkata. Yau wanda zai aika saƙo daga Yamai, tashar Rimbo ko SONEF ko wani kamfanin kar ce ke fara zuwa masa a rai, su kuwa 'yan kasuwa ne, yarjejeniyar Bern ba ta hau kansu ba. In littafin ya bar kar ya hau motar kasuwa zuwa cikin duwatsun Abzin, wani haɗarin ya taso. Kundin makafi kallon ƙarfi gare shi, amma ƙwai ne. Ɗora masa buhun albasa biyu a tafiyar yini, ɗigon ya kwanta, a sauke takarda fara sumul ba harafi ko ɗaya. Mai gani zai ga littafi lafiya lau, mai shi ya shafa ya ji ba kowa a gida. Shi ya sa a tsaye ake jera su, a kwali mai tauri, a saman kaya.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, ga waya a hannun kowa? Gaskiya ne, waya ta yi rana. Littafin murya yanzu ta WhatsApp yake zuwa, ba nauyi ba sikeli, kuma wayar kanta tana karanta wa makaho abin da ke fuskarta. Mu kuma mutanen kunne ne tun asali. Garuruwanmu cike suke da makafin da suka haddace Alƙur'ani daga bakin malam, kuma kowa ya san darajar Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya yi ladanci a Madina. Amma kunne yana da inda ya tsaya. Faransanci cike yake da haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, kunne ba zai taɓa nuna wa yaro su ba. Lissafi sai an jera lambobi sama da ƙasa an koma an duba. Ranar jarrabawar BEPC ko bak, ba saurare ake aunawa ba, rubutu ne. Mai saurare kawai kamar mai cin tuwon maƙwabta ne, yana ƙoshi, amma sai an aiko, kuma da miyar da aka zaɓar masa. Mai karatu da yatsa rumbunsa a gidansa yake: ya rubuta lambar waya, ya rubuta bashin da yake bi, ya rubuta sirrinsa ba sai ya kira ɗan maƙwabci ya karanta masa ba. Mu mukan ce gani ya kori ji. A wurinsu taɓawa ce ke korar ji. Kuma allo da tsinke da takarda mai kauri ba sa bin intanet, dole wani ya ɗauko su.

Gyaran ba ya buƙatar taron ƙasa. Takarda ɗaya a manne a bangon gidan waya, da Faransanci da Hausa da Tamashek, mai faɗin abin da aka yafe da sharaɗinsa. Sanarwa a gidajen rediyon gari, don masu haƙƙin ba bango suke karantawa ba. Akwati ɗaya da sunan ƙungiyar makafi ko wata makaranta, wanda kowa zai ba da a matsayin adireshinsa, a sa mutum ɗaya ya riƙa leƙawa duk mako. Masu kamfanonin kar kuma, waɗanda ba doka a kansu, ba abin da ya hana su ware ɗan lungu a ƙarƙashin mota su ce kwalin makarantar makafi ba a karɓa masa kuɗi. Kilo 7 a cikin motar da ke ɗaukar mutum saba'in da kayansu, ko direba ba zai ji a sitiyari ba.

Sauran aikin na masu haƙƙin ne da iyayensu da malamansu. Doka ce da ta haura shekara 70, amma ɗakin karatu a Faris ko Janeba ba ya aika wa wanda bai san da zamansa ba, ba ya kuma duba ƙasa ya gano cewa akwai yarinya a Agadas da ta gama littafin aji uku tana jiran na huɗu. Sai an rubuta an nema, an faɗi suna da aji da harshe da lambar akwati. Wasiƙar neman kuwa, in da allo da tsinke aka rubuta ta, aka bar bakin ambulan a buɗe, aka yi mata shaida a baya, ita ma cikin kayan da aka yafe wa tambur take.